Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya: Nasiha Ga Mahayin Keke

 Ɗana, ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci.

Labari ya iske ni cewa kai da abokanka kun ɗaura aniyar doguwar tafiya a kan keke, daga Kano har Zariya, in ta yi daɗi ma ku zarce gaba. Na yi murna ƙwarai. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma matashin da ya zaɓi ya motsa jikinsa ya ga ƙasa da idonsa bai yi zaɓen banza ba. Na san ka duba taya, ka shafa wa sarƙa mai, ka ɗaure birki. Saura abu guda, wanda matasa suka fi mantawa da shi. Ruwan da ke jikinka nake nufi, da gishirin da ke cikin ruwan.

Bari mu fara daga tushe. Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, kimanin kashi 60 cikin 100 ga namiji baligi. Idan kana taka feda, ba duk ƙarfin da tsokarka ke fitarwa ne ke kaiwa ga taya ba. Kashi ɗaya cikin huɗu ne ke tura keken, wani lokaci ma bai kai ba. Ragowar zafi yake zama, a nan cikin jikinka. Dole zafin nan ya sami hanyar fita, kuma hanyar da Allah ya hore masa ita ce gumi.

Ka san randar ƙasa da ke tsakar gida. Abin da ke sa ruwanta sanyi shi ne nason da take yi. Ruwa ya tsattsafo ta jikinta, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Shi ya sa ruwan randa ya fi sanyi lokacin da iska take a bushe, da damina kuwa sanyinsa bai cika kai haka ba. Kuma randar da ke sanyaya ruwa kullum raguwa take yi, ko ba wanda ya sa moɗa a ciki. To, haka fatarka take aiki. Sanyin da take ba ka, da ruwan jikinka kake biya.

Saboda haka kowane lokaci na shekara da irin tarkonsa. Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, kwalta ma tana mayar maka da nata zafin daga ƙasa. Wannan kowa yana jin tsoronsa. Da damina iska tana ɗauke da laima, gumi ya yi ta zuba yana ɗiga daga haɓa ba tare da ya bushe ba. Gumin da ya ɗiga ƙasa bai sanyaya ka ba, asara kawai ka yi. Na hunturu ya fi ɓoyuwa. Iska a bushe, gudun keke yana ƙara kaɗa ta, gumi na fita yana bushewa nan take. Rigarka ba ta jiƙe ba, sanyin safiya ya danne ƙishi, sai ka ɗauka ba abin da ka rasa. Alhali tun ɗazu ruwa ke barin jikinka, ta fata da ta numfashi.

Nawa ne yake fita? Mai tuƙa keke yakan zubar da rabin lita zuwa lita 2 na gumi a awa guda, gwargwadon zafin rana da ƙarfin tuƙi da irin jikinsa. Ledar fiyawata rabin lita ce. Ke nan leda ɗaya zuwa huɗu a kowace awa. Masana motsa jiki sun lura cewa da zarar mutum ya rasa ruwan da ya haura kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙarfinsa yakan fara ja baya, musamman a cikin zafi. Ga mai kilo 65, wannan bai wuce kilo 1.3 ba. Ka ga abin da awa biyu za su iya cinyewa, tun ba ku kai Kwanar Dangora ba.

Ga abin da ke biyo baya. Jini ya ragu. Zuciya ta ƙara bugu don ta cike giɓin. Jiki ya shiga tsaka mai wuya, ko ya tura jini ga ƙafafu masu aiki, ko ya tura ga fata don ta huce. Zafin ciki ya fara hawa. Hawan da ka saba hayewa kana hira ya zame maka dutse. Kai ya fara sarawa, yawu ya kafe, rai ya riƙa ɓaci kan abin da bai kai ya kawo ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne lura ma raguwa take yi. Kana kan titin da tirela ke wucewa ta gefen kafaɗarka. Ramin da za ka kauce wa da safe, da azahar sai ka faɗa shi. Sau da yawa ba ƙishin ne ke kai mutum asibiti ba, faɗuwar da ƙishin ya jawo ce.

Yanzu maganar gishiri. In kun tsaya hutawa a gindin wata bishiya, ka cire hular kwanonka ka dubi igiyarta, inda ta bi ta gefen kunne. Ka dubi bayan rigar abokinka, in mai duhun launi ce. Za ka ga wani fari-fari ya zana layi a kafaɗa da ƙasan hammata, ya bushe ya yi ƙamas. Ka shafa goshinka, ka ji ɗan gari-gari a yatsa. Ka tuna yadda gumi ke yi maka raɗaɗi in ya gangaro ido. Gishiri ne, daga jininka ya fito. Mafi yawansa sinadarin sodiyam ne da abokin tafiyarsa kuloraid, irin na gishirin miya, sai ɗan fotashiyam da maganiziyam kaɗan. Da waɗannan jijiya ke aika saƙo, da su tsoka ke motsi, har da tsokar zuciya. Su ne kuma ke riƙe ruwa a inda ya kamata ya zauna a jiki.

A matsakaici, lita guda ta gumi tana ɗauke da kusan giram 1 na sodiyam, wato kimanin giram 2 da rabi na gishiri, abin da ya kusa rabin cokalin shayi. Amma mutane sun bambanta sosai. Wani bai kai rabin haka ba, wani ya ninka. Ka yi lissafi da kanka. Awa biyar a kan hanya, lita guda kowace awa, gishirin da ya fita ya kai cokalin shayi biyu. A tafiyar awa ɗaya ba ruwanka da wannan lissafi, ruwa zalla ya isa, tuwon dare zai mayar da sauran. Amma in tafiya ta haura awa biyu, ana rana, sai ka tuna abu biyu gumi ya ɗauka, abu biyu za ka mayar.

Mutane sun yi kuskure a wannan harka ta gefe biyu, kuma kowane gefe ya ci rayuka. Ina so ka ji su duka.

Kuskuren farko shi ne na mutanen da. Suna ganin shan ruwa a bakin aiki rauni ne, yana sa nauyin jiki da suka a ciki. Har yau za ka ji wani yana alfahari cewa ya yi tafiyar wuni bai kurɓi komai ba. A Turai ma haka suka yi imani. A babbar gasar keke ta zagayen Faransa, Tour de France, akwai zamanin da doka ta taƙaita ruwan da ake miƙa wa mahaya, har sukan faɗa shagunan bakin hanya su wawuri duk abin sha da hannunsu ya kai. Ranar 13 ga Yuli, 1967, wani gwarzo ɗan Ingila mai suna Tom Simpson, wanda ya zama zakaran duniya a 1965, ya kama hawan dutsen Ventoux cikin tsananin rana. Ya kwana biyu yana fama da ciwon ciki da gudawa. Ya sha ƙwayar ƙara kuzari, ya ɗora barasa a kai. Da ya kusa ƙolin dutsen ya fara tangaɗi, ya faɗi, aka mayar da shi kan keken, ya ɗan taɓa tafiya ya sake faɗuwa. Bai tashi ba. Shekararsa 29. Har yanzu mahaya keke kan ajiye gorar ruwa a gindin dutsen tunawa da aka kafa masa a wurin. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Zafi da rashin ruwa da ƙwaya in suka haɗu, ba sa duba ƙarfin mutum.

Kuskure na biyu sabo ne, kuma daga kyakkyawar niyya ya fito. Da aka gane haɗarin ƙishi, sai aka koma cewa a yi ta sha, ko ana jin ƙishi ko ba a ji. A 1985 wani likita a Afirka ta Kudu, Tim Noakes, da abokan aikinsa suka wallafa bayanin wasu 'yan tseren dogon zango su huɗu da suka kwanta rashin lafiya saboda yawan shan ruwa. Ga yadda abin yake. Sodiyam ɗin jinin mai lafiya yana tsakanin 135 da 145 a ma'aunin likitoci. In mutum yana zubar da gishiri ta gumi, yana kuma ɗura ruwa fiye da abin da ya fita, sai gishirin jinin ya tsinke ya faɗo ƙasa da 135. Ƙoda, ko mutum a zaune yake, ba ta iya fitar da abin da ya wuce kusan lita guda a awa, a bakin aiki kuwa ta fi riƙe ruwan. Rarar sai ta shige cikin naman jiki, ya kumbura. Yatsa in ya kumbura yana da wurin buɗawa. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi, tana cikin ƙoƙon kai. Daga nan sai ciwon kai, amai, ruɗewa, jijjiga, har a rasa rai.

A tseren ƙafa na birnin Boston a Amurka, na shekarar 2002, mai tsawon kilomita 42, an gwada jinin mutum 488 bayan sun gama. Kashi 13 cikin 100 gishirin jininsu ya yi ƙasa, mutum uku sun kai matakin haɗari. A wannan tseren wata matashiya ta rasu ta wannan dalili. Waɗanda abin ya fi shafa su ne waɗanda suka daɗe a hanya suna ta sha, har suka gama tseren nauyinsu ya ƙaru. Ka lura da wannan kuma: waɗanda suka sha ruwan 'yan wasa mai ɗan gishiri ba su tsira ba, tunda sun sha ya wuce kima. Gishiri a gora ba lasisin ɗura ba ne. Kuma wannan haɗari ya fi kusa da irinku, masu tafiya a hankali na tsawon wuni, masu tsayawa kowane ƙauye su sayi ruwa.

To ina mafita, tunda gaba siyaki baya damisa? Mafitar ita ce ka san ma'aunin jikinka. Na abokinka ba naka ba ne. Kuma saninsa ba shi da wuya.

Ka sami sikeli, ko na gida ko na kemis ɗin unguwa. Wata safiya ka yi fitsari, ka hau sikelin da kaya marasa nauyi, ka rubuta. Ka tuƙa awa guda irin tuƙin da za ka yi ranar tafiya, kana lura da abin da ka sha. Ka dawo, ka tsane jikinka, ka cire jiƙaƙƙiyar riga, ka sake hawa. Kilo ɗaya da ya ragu daidai yake da lita ɗaya. A ce ka fita da kilo 65, ka dawo da 64 da rabi, ka kuma sha leda guda a hanya. Rabin lita da ta ɓace, da rabin lita da ka sha, lita guda ke nan kake zubarwa a awa. Ka maimaita a ranar zafi da ranar sanyi, domin lissafin yana sauyawa. Ba a buƙatar ka mayar da duka a kan keke. Ka gama tafiya ka ɗan ragu kaɗan, wannan daidai ne. Ka gama ka ƙaru, ka sha ya yi yawa.

Ga yawancin mutane, leda ɗaya zuwa ɗaya da rabi a awa tana wadatarwa, a ƙara kaɗan in rana ta take. Kurɓa biyu ko uku duk bayan kwata, ta fi kwankwaɗar gora guda a tashi ɗaya. Ciki yana da iyakar abin da yake iya wucewa da shi, ragowar sai ya zauna yana ƙugi. Ƙishi kuma ɗan aike ne na gaskiya. In ya zo ka amsa masa. In babu shi, ciki kuma a cike, ka dakata. Jiki magayi.

Ga abin da za ka zuba a gorar. Lita ɗaya ta ruwa mai tsabta. Gishiri rubu'in cokalin shayi, a shafe bakinsa, kada ya yi tozo. Sukari babban cokali uku zuwa huɗu. Ka matsa lemon tsami don ɗanɗano. Ka girgiza, ka ɗanɗana. Kada ya fi hawaye gishiri. Tun a gida ka auna gishirin da sukarin, ka ƙulla su ƙulli-ƙulli a 'yar leda. Ƙulli ɗaya na fiyawata biyu ne. A bakin hanya ba sai ka tsaya neman cokali ba. Ka riƙe gora biyu, ɗaya ta wannan haɗi, ɗaya ta ruwa zalla, ta sha da kuskure baki da zubawa a ƙeya. Ka zura wa gorar tsohuwar safa ka jiƙa ta, iskar tafiya za ta rage mata zafi. Ledar da ka shanye kuma ka cusa ta a aljihu har ka sami inda ya dace, dabbobin mutane na kiwo a bakin titin.

Kada ka raina sukarin nan. Hanji yana tsotse gishiri da sukari tare, ruwa kuma ya bi bayansu, ya fi saurin isa jini. Wannan hikimar ce ke cikin ruwan gishiri da sukari da ake ba yaro mai gudawa, wato ORS. A 1971, lokacin yaƙin Bangaladash, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita mai suna Dilip Mahalanabis ya riƙa ba mutane wannan haɗi ta baki. Mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 4. Ruwan 'yan wasa na kanti ma, irin su Gatorade da aka fara haɗawa a Jami'ar Filorida a 1965, ginshiƙinsa ruwa ne da gishiri da sukari. In kana da kuɗinsa, madalla. In babu, na gida ya ishe ka. Ka saka ledar ORS ɗaya ko biyu a jaka saboda ko ta kwana. Gishirinta ya fi na sha a kan hanya yawa, an yi ta ne don wanda ya riga ya zubar da ruwa sosai, kuma a bi adadin ruwan da aka rubuta a jikinta.

Lemon kwalba sukarinsa ya kai kashi 10 cikin 100, gishirinsa kuwa kamar babu. In ka sha shi zalla da yawa yakan daɗe a ciki. Ka sirka shi da ruwa, ka haɗa da abu mai gishiri. Zoɓo da kunun zaƙi ma haka, matuƙar ka amince da ruwan da aka yi su. Wannan batu na tsabta kada ka yi wasa da shi. Ruwan da ba ka san asalinsa ba zai iya saka ka gudawa, sai asara ta zama biyu, ta fata da ta ciki. Ka duba ledar ruwa ta zama a rufe, mai lambar NAFDAC.

Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kada ka fita da yunwa, kada kuma ka bari sai ta kama ka a hanya. Bayan awar farko, ka riƙa taɓa wani abu kowace awa. Ayaba ɗaya ko biyu, ko dabino biyar zuwa shida, ko ɗan mazarƙwaila. Ayaba da dabino suna mayar da fotashiyam. Gyaɗa mai gishiri, ƙuli-ƙuli, gurasa da yaji, ɗan kilishi, su kuma suna mayar da sodiyam. Fura da nono ka bar ta sai babban hutu, kuma kada ka cika ciki, saura tafiya. Abin da ba ka taɓa gwadawa ba a kan keke, kada ka fara gwada shi a ranar.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jiki yana koyon zafi, amma sai an ba shi mako ɗaya zuwa biyu. Ka riƙa fita kullum kana ƙara nisa kaɗan-kaɗan. Wanda jikinsa ya saba yakan fara gumi da wuri, gumin ya fi yawa, gishirin cikinsa ya ragu, jininsa ma ya ƙaru. Jajibirin tafiya ka ci abincinka da gishirinsa yadda aka saba, ka sha ruwa daidai, ka yi barci. Da asuba ka sha leda guda ka karya. Ka dubi fitsarinka. In fari-fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa, ka shirya. In ya yi duhu kuma kaɗan ne, da saura. Ku kama hanya da an idar da sallar asuba. Ku san tun a gida inda za ku cika gora, Kura ce, ko Kwanar Dangora, ko Tashar Yari. In rana ta tsaya tsaka ku nemi inuwa, ku yi azahar, ku ci abinci, ku jira ta sassauta. Sannu ba ta hana zuwa.

Akwai abubuwan da nake roƙonka ka nisanta. Wani zai miƙo maka tiramol ya ce tana kashe gajiya. Gajiyar na nan, jin ta kawai ƙwayar ke toshewa, kuma jin nan shi ne mai tsaronka. Hukumar tseren keke ta duniya ta haramta ta a gasa tun 2019. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, in aka sha su jiki ba ruwa, ƙoda suke wahalarwa. Kwalaben ƙara kuzari kuma suna iya sa zuciyar da ke gudu ta ƙara gudu. Shayi kofi guda da safe ba laifi. Kanwa ba ta maye gurbin gishiri, kada wani ya ce ka jiƙa ka sha. Kada kuma ka kama gishiri ka afa a baki, zai tayar maka da zuciya. In tsokar ƙafa ta ɗaure, ka sauka ka miƙe ta a hankali, ka huta. Sau da yawa gajiyar tsoka ce ke jawo haka, ba rashin gishiri kaɗai ba.

Wannan ƙarin gishiri na ranar doguwar tafiya ne. Ranar da kake gida, Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar kada baligi ya kai giram 5 a wuni, abin da bai cika cokalin shayi ba. In a cikinku akwai mai hawan jini, ko ciwon suga, ko ciwon ƙoda ko na zuciya, ya ga likita tukuna. Ka san nau'in jininka kuma, wato ka yi gwajin sikila. A Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu AS ne. Mai AS lafiyayye ne, yana wasa yana noma, amma tsananin wahala cikin zafi da rashin ruwa sun fi yi masa haɗari, sai ya ninka kula. Wanda ya tashi daga zazzaɓi ko gudawa ya ɗaga tafiyarsa. Da azumi kuwa, kada ku tsara doguwar tafiya da rana. 'Yar gajeriya dab da shan ruwa, ko bayan tarawihi a hanya mai haske, ta wadatar. Hukuncin matafiyi ka tambayi malaminka.

Yanzu abin da ya fi komai muhimmanci. Mutumin da zafi ya fara taɓa wa kai ba ya sanin halin da yake ciki. Shi zai ce lafiyarsa ƙalau. Don haka kowa ya zama idon ɗan'uwansa. In ka ga mai surutu ya yi tsit, ko keken wani ya fara karkace-karkace a miƙaƙƙiyar hanya, ko ka tambaye shi abu ya ba ka amsar da ba ta dace ba, ku tsaya duka. Ku kai shi inuwa. Kafin ku ɗura masa ruwa, ku tambaya nawa ya sha. Ciwon kai da tashin zuciya suna zuwa ga wanda ya bushe, suna zuwa ga wanda ya sha ya wuce kima. Wanda ya bushe yana jin ƙishi, bakinsa a kafe, ya daɗe bai yi fitsari ba. Shi a ba shi ORS kurɓi-kurɓi. Wanda ya cika kuwa gorunansa sun ƙare tun tuni, cikinsa a kumbure, agogo ya kama masa hannu, zobe ya ƙi fita. Shi ƙarin ruwa cuta ne a gare shi. In hankalinsa na nan, a ba shi abu mai gishiri ya ci.

In jiki ya yi zafi rau, ga ruɗewa ko sambatu ko suma, wannan bugun zafi ne, ko da gumi na fita. A nan minti ɗaya ma tsada ne. A cire masa kaya masu nauyi, a yi ta kwara masa ruwa mai sanyi daga wuya har ƙafa, ana yi masa fifita, wani kuma yana tsayar da mota. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a zuba masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe. Duk wanda ya ruɗe ko ya yi jijjiga, asibiti ne wurinsa, kuma ku gaya wa likita abin da ya sha da tsawon awannin da ya yi a hanya. Keken a bar shi a hannun mutanen gari. Keke ana sayen wani.

In Allah ya sauke ku lafiya, da sauran aiki. Duk kilo ɗaya da ka rasa, ka mayar da lita ɗaya da rabi, a hankali, cikin awanni. Ka ci tuwo da miya, ko shinkafa da wake da mai da yaji, domin gishirin abinci ne ke riƙe ruwan da ka sha. Nono ma yana da kyau a wannan lokaci. Ka lura da fitsarinka zuwa wayewar gari. In ya yi launin baƙin shayi, ga ciwon tsoka mai tsanani, kada ka jira, ka je a duba ka.

Na san akwai ranar da za ka ji jikinka yana cewa ya isa, abokai kuma na cewa saura kaɗan. Kunya za ta so ta hana ka magana. Ka yi magana, ɗana. Wataƙila akwai wani a bayanka da ya fi ka galabaita, yana jiran wanda zai fara buɗe baki. Wanda ya ɗora kekensa a mota ya koma gida zai sake fitowa wani makon, ya fi sanin jikinsa, ya fi iya shiri. Iyayenka ba kilomita za su tambaye ka ba, fuskarka suke son gani. Lafiya uwar jiki.

Allah ya tsare hanya, ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya. Ka gaishe mini da abokan tafiyar taka, ka kuma karanta musu wannan kafin ku tashi.